Rubutun Bayan Leda: Sauye-sauyen Dokar Bayyana Sinadaran Abinci Da Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

 

Kwanakin baya, bayan an idar da sallar Magariba, wani dattijo daga cikin masu halartar karatu ya jira har mutane suka watse, sannan ya zaro wata robar lemo daga aljihun babbar rigarsa ya miƙo mini. Ya ce an turo masa saƙo a waya cewa duk abin da aka rubuta harafin E da lamba a jikinsa to akwai kitsen alade a ciki, ga shi kuwa wannan lemo shi yake saya wa jikokinsa, shi ma yakan kurɓa idan rana ta take. Na haska fitilar waya na duba. Lambar da ta tayar masa da hankali ita ce E414, wadda ba komai ba ce illa ƙaro, wannan dai ƙaron da ake ɗiba a jikin itatuwa a Borno da Yobe da Jigawa. Na kwantar masa da hankali, na shaida masa cewa waɗannan lambobi sunaye ne kawai da aka ba kayan haɗi, kuma da yawansu daga tsirrai ake samun su.

Amma a ƙasa kaɗan da wannan lamba akwai wani ɗan jadawali da bai taɓa kula da shi ba. A ciki an rubuta cewa kowane mililita 100 na lemon yana ɗauke da giram 11 na sukari. Robar kuwa mililita 500 ce. Ke nan duk wanda ya shanye ta ya zuba wa cikinsa giram 55 na sukari, kusan cokalin shayi 14. Na san bawan Allahn nan yana fama da ciwon sukari, domin a azumin da ya gabata ya zo ya tambaye ni hukuncin ajiye azumi bisa shawarar likita. Da na yi masa lissafin sai ya yi shiru, can ya ce: "Malam, ai da a gabana aka zuba cokali 14 a kofi, da ban sha ba."

Maganar nan tasa ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Al'ummarmu ta koyi duba jikin kaya saboda abubuwa uku: lambar rajistar NAFDAC, ranar da wa'adin kaya zai ƙare, da kuma tsoron cin haram. Duka ukun abin yabawa ne. Sai dai akwai na huɗu, wato jadawalin da ke bayyana yawan sukari da gishiri da kitse, wanda a shekarun nan ƙasashe da dama suka sake wa dokokinsa fasali, har da tamu Najeriya, alhali mafi yawanmu ba mu san an yi ba. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, sukarin da ya narke a cikin kwalba da gishirin da ya ɓuya a cikin taliya ido ba ya ganin su, balle ya ƙiyasta. Mudun da ya rage wa mai saye shi ne rubutun da ke bayan leda, shi ya sa duk wani gyara da aka yi wa wannan rubutu ya shafi tukunyar kowane gida.

Inda tsohon ma'auni ya gaza

Bari mu fara da Amurka, domin tana cikin ƙasashen farko da suka tilasta wa kamfanoni buga irin wannan jadawali, kuma a can ne aka fi ganin yadda doka mai kyau take tsufa. A shekarar 1990 majalisar ƙasar ta zartar da dokar bayyana sinadaran abinci, jadawalin ya bayyana a jikin kaya a 1994. Daga nan ya shafe fiye da shekara 20 ba tare da wani babban gyara ba, in ban da layin da aka ƙara a 2006 na wani nau'in kitse mai illa da za mu yi bayaninsa a gaba.

A tsawon wannan lokaci aka gano ɓaraka iri biyu. Ta farko ta shafi ma'auni. Duk lambobin da ke cikin jadawalin an gina su ne a kan abin da ake kira kason ci ɗaya, wato adadin da ake ɗauka mutum zai ci ko ya sha a zama guda. Hukuma ce ta tsara waɗannan kasoni, amma ta dogara ne da binciken yadda mutane suke cin abinci a shekarun 1970 da 1980. Kason lemon kwalba a wancan tsari kusan mililita 240 ne, alhali robar da ake sayarwa a shago ta kai kusan mililita 590. Sai kamfani ya rubuta sukarin kaso ɗaya, sannan a wani lungu ya ambata cewa robar kaso biyu da rabi ce. Mai saye ya kalli lamba ya ga 'yar kaɗan, ya shanye robar gaba ɗaya, bai san ya sha ninki biyu da rabi na abin da ya karanta ba. Babu kalmar ƙarya ko ɗaya a jikin robar, amma wanda ya karanta ya tafi da fahimtar da ba daidai ba.

Ɓaraka ta biyu ta shafi sukari kansa. Tsohon jadawali yana haɗa sukarin da Allah Ya halitta a cikin madara da 'ya'yan itace da wanda kamfani ya zuba da hannunsa, ya ba da jimilla guda. Uwar da ta ɗauki robar yogot ba ta da hanyar sanin nawa ne na madara, nawa ne aka ƙara don ya yi wa yaro zaƙi.

Abin da aka sauya a 2016

A ranar 20 ga Mayun 2016, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da sabon tsari, kuma Michelle Obama, uwargidan shugaban ƙasar na lokacin, ita ta gabatar da shi ga jama'a. An gyara ma'auni ya dace da yadda mutane suke ci a zahiri: kason lemo ya tashi zuwa kusan mililita 360, na askirim ya tashi daga rabin kofi zuwa kashi biyu cikin uku na kofi. Duk kwalba ko ledar da aka san a zama ɗaya ake gamawa da ita, kamar waccan roba mai mililita 590, dole a lissafa ta a matsayin kaso ɗaya. Wadda kuma ta ɗan fi haka girma, ana iya cinye ta a zama ɗaya ko a raba, sai a yi mata layi biyu, ɗaya na kaso, ɗaya na ledar duka.

An kuma buɗe sabon layi na musamman don sukarin da aka ƙara, tare da nuna kashi nawa ya cinye daga iyakar giram 50 da aka ɗiba wa babban mutum a yini. An ƙara girman lambar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki, ta yadda ido zai fara sauka a kanta. An cire layin da ke nuna kalorin da ya fito daga kitse, saboda bincike ya nuna cewa nau'in kitsen ya fi yawansa muhimmanci. An wajabta bayyana bitamin D da sinadarin fotasiyam, waɗanda aka lura mutanen ƙasar suna ƙarancinsu, aka mayar da bayyana bitamin A da C ganin dama.

Gyaran bai zo cikin sauƙi ba. Ƙungiyar masu sana'ar sukari ta ƙasar ta yi adawa da layin sukarin da aka ƙara, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin lokaci. Wa'adin farko Yulin 2018 ne, amma aka ɗage shi zuwa 1 ga Janairun 2020 ga manyan kamfanonin da cinikinsu na abinci ya kai dala miliyan 10 a shekara, ƙananan kuma zuwa 1 ga Janairun 2021. Wanda ya lura da irin jayayyar da aka yi a kan layi ɗaya tak zai gane cewa masu kaya sun san darajar wannan rubutu fiye da yadda masu saye suka sani.

Chile: a ɗora gargaɗi a gaba

Duk gyaran da Amurka ta yi, jadawalin yana nan a bayan leda, kuma sai mai karatu da lissafi zai amfana da shi. Ƙasar Chile da ke Kudancin Amurka ta ɗauki wata hanya daban. Ganin yadda ƙiba ta yi yawa a tsakanin yaranta, majalisar ƙasar ta zartar da doka a 2012, wadda wani sanata kuma likita mai suna Guido Girardi ya yi tsayin daka a kanta, ta fara aiki a Yunin 2016 bayan doguwar taƙaddama da kamfanoni. Dokar ta ce duk abincin leda da aka ƙara masa sukari ko gishiri ko kitse har ya wuce iyaka, dole a buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban ledar, irin siffar alamar tsayawa ta kan titi, a rubuta a ciki cewa wannan abu ya yi yawa. Idan abubuwa uku ne suka wuce iyaka, tambari uku za a jera.

An bi matakai wajen tsaurara iyakar har zuwa 2019. A matakin ƙarshe, abinci mai ƙarfi yana samun tambari idan a kowane giram 100 sukarinsa ya wuce giram 10, ko sodiyam ɗinsa ya wuce miligiram 400, ko kitsensa mai daskarewa ya wuce giram 4. Abin sha kuwa da zarar sukarinsa ya wuce giram 5 a mililita 100. Lemon dattijon nan namu mai giram 11 ya ninka wannan iyaka har da ɗori. Kayan da ke ɗauke da tambarin an hana sayar da shi a makarantu, an hana tallata shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 14, an kuma cire hotunan zanen da ake jan hankalin yara da su daga jikin kwalaye. Wani bincike da mujallar PLOS Medicine ta buga a 2020 ya nuna cewa sayen abubuwan sha masu tambari ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100 bayan dokar ta fara aiki. Kamfanoni da dama kuma sun rage sukari da gishiri a kayansu don su kuɓuta daga baƙin tambarin. Meksiko ta bi sahu a 2020, Kanada ta fitar da nata tsarin mai alamar gilashin ƙara girma a 2022, ita kanta hukumar FDA ta gabatar da shawarar ƙaramin akwatin bayani na gaban leda a Janairun 2025.

Mu a gida Najeriya

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin wannan fanni a ƙasarmu. Masu shekaru za su tuna yadda a zamanin marigayiya Farfesa Dora Akunyili, tsakanin 2001 da 2008, duba lambar rajista ya shiga bakin kowa har a ƙauyuka. Wannan ya nuna cewa mutanenmu suna koyon karanta jikin kaya idan aka dage wajen wayar musu da kai.

A shekarar 2022 an sabunta dokoki biyu da suka shafi batunmu, shugabar hukumar Farfesa Mojisola Adeyeye ta yi wa jama'a bayaninsu a 2023. Ta farko ita ce dokar mai da kitse, wadda ta taƙaita kitsen tirans zuwa abin da bai wuce giram 2 ba a kowane giram 100 na mai. Kitsen tirans na masana'anta yana samuwa ne idan aka sarrafa man tsirrai da iskar haidirojin don ya daskare ya daɗe bai lalace ba, kuma an daɗe ana amfani da shi a bota ta gwangwani da biskit da kek da kayan suya. Yana ɗaga mummunan kolestarol a jini, ya rage mai kyau, ya share hanyar ciwon zuciya. Denmak ce ta fara taka masa birki a 2003, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙaddamar da yaƙin kawar da shi a 2018. Doka ta biyu ita ce ta rubutun jikin abincin da aka ƙunshe, wadda ta maye gurbin ta 2005, kuma daga cikin dalilan sabunta ta akwai tilasta bayyana wannan kitse a jikin kaya. Baya ga waɗannan, dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zaƙaƙa.

Mataki ne mai kyau, amma da sauran tafiya. Mafi yawan kayan da nake dubawa a shagunanmu jimillar sukari kawai suke nunawa, ba su ware wanda aka ƙara. Muhimmancin warewar ya fito fili a Afrilun 2024, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan tare da ƙungiyar IBFAN suka fitar da rahoto cewa abincin jarirai na hatsi da kamfanin Nestlé yake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka yana ɗauke da sukarin da aka ƙara, alhali irinsa da ake sayarwa a wasu ƙasashen Turai babu. Kamfanin ya amsa cewa yana bin dokokin kowace ƙasa da yake kasuwanci a cikinta. A cikin wannan amsa akwai darasi: abin da za a zuba wa jaririnka, da abin da za a faɗa maka game da shi, ya dogara ne da ƙarfin dokar ƙasarka.

Yadda Shari'a ta kalli bayyana kaya

Ɗalibin fiƙihu da ya karanta babin ciniki ba zai ga baƙon abu a wannan muhawara ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mutum da ya tsiba abinci yana sayarwa, ya cusa hannunsa mai albarka a cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi. Mutumin ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai zarge shi a kan ruwan sama ba. Abin da ya tsawatar a kai shi ne barin jiƙaƙƙen a ƙasa maimakon a ɗora shi a sama inda mutane za su gani, sannan ya barranta daga mai yin algus. Lura da cewa jiƙaƙƙen abincin yana nan cikin tsibin, duk wanda ya tona zai same shi. Duk da haka ba a ɗora wa mai saye nauyin tonawa ba, an ɗora wa mai kaya nauyin fitarwa. Wanda ya fahimci wannan zai ga hikimar ɗora gargaɗi a gaban leda maimakon binne shi cikin ƙananan haruffa a baya.

Haka nan Shari'a ta hana abin da malamai suke kira tasriya, wato a ƙi tatsar raƙuma ko tunkiya na kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Mai dabbar bai furta ƙarya ba, ya dai shirya abin da ido zai gani ne don ya kai mai saye ga zaton da ba haka ba. An ba wanda aka yi wa haka zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Ƙanƙanta ma'aunin kaso don lambar sukari ta fito 'yar kaɗan ɗan'uwan wannan dabara ne. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifin, da sunan masu tauye mudu, ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da Annabi Shu'aibu (AS) ya yi ta gargaɗi a kan ma'auni. Saboda haka ne Musulmi suka kafa aikin hisba a kasuwanni tun farkon tarihinsu, har malamin Malikiyya Yahaya ɗan Umar, wanda ya rayu a Tunisiya a ƙarni na uku bayan Hijira, ya bar littafin Ahkamus Suƙ a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Jami'in da yake auna abin da ke cikin leda ya gwada da abin da aka rubuta a bayanta, aikin muhtasibi yake yi da kayan aikin zamani.

A nan dole in yi taka-tsantsan, kada a fahimce ni a baibai. Ban ce sukari ko lemon kwalba haramun ne ba, kuma babu mai ikon haramta abin da Allah Ya halatta. Abin da nake cewa shi ne jiki amana ne, an hana mu almubazzaranci a ci da sha, an kuma hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa. Abu yana iya zama halal a zatinsa, amma yawan da wani mutum yake sha, tare da ciwon da likita ya tabbatar masa, ya mayar da shi cuta a gare shi. Magidancin da yake bincikar halaccin abin da ke shiga gidansa ya kyauta, sai ya cika aikin da bincikar yawan abin da yake ɗura wa iyalinsa.

Yadda za ka karanta jadawalin

Da yake da Turanci ake rubuta jikin kaya a ƙasarmu, zan ambaci kalmomin kamar yadda za ka gan su.

Na farko, duba ma'auni kafin ka duba kowace lamba. Shin lissafin na giram 100 ne ko mililita 100, ko kuwa na kaso ɗaya ne, wanda ake rubutawa Serving size? Sannan ka duba nauyin ledar duka ka ninka. Idan kana son gwada kaya biyu, gwada su a kan giram 100, domin nan ne babu wanda zai iya wasa da ma'auni.

Na biyu, sukari. Raba adadin giram gida 4, abin da ya fito shi ne yawan cokalin shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, haɗe da na zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abinci a yini. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ne, cokali 12, kuma idan aka rage zuwa rabin haka ya fi alheri. Yaro ƙarami iyakarsa ta gaza haka. Roba ɗaya ta lemo tana iya cinye kason yinin gaba ɗaya tun kafin a zo kan shayi da koko.

Na uku, gishiri. Sau da yawa ba za ka ga kalmar gishiri ba, sai Sodium. Ninka adadinsa sau biyu da rabi ka sami gishirin. Iyakar da aka shawarta wa babban mutum ita ce ƙasa da miligiram 2,000 na sodiyam a yini, daidai da giram 5 na gishiri, wanda bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Idan ledar taliyar yara ta nuna miligiram 1,200, to giram 3 ke nan na gishiri, fiye da rabin kason babba a kwano ɗaya. Uwargida ta duba ledar dunƙulen ɗanɗanon miya ma, za ta tarar gishiri yana sahun gaba a kayan haɗinsa, sai ta san cewa zuba dunƙule da yawa sannan a bi da gishiri ninki ne a kan mai hawan jini.

Na huɗu, kitse. Nemi layin Trans fat, sannan ka leƙa jerin kayan haɗi. Idan ka ga an rubuta partially hydrogenated, akwai kitsen tirans a ciki ko da jadawalin ya nuna sifili, domin a wasu ƙasashe, ciki har da Amurka, doka ta yarda a rubuta sifili idan bai kai rabin giram ba a kaso ɗaya.

Na biyar, jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a gangara zuwa mafi ƙaranci. Idan sukari ne na farko ko na biyu a garin shayin da ka saya wa yara, ka san abin da ka saya. Sukari kuma yana zuwa da sunaye da yawa, irin su glucose syrup da dextrose da fructose da maltose. A wannan jeri ne kuma za ka gane ko garin madarar da ke hannunka cikakkiyar madara ce, ko wadda aka cire kitsenta aka maye shi da man tsirrai, ko ma garin farin shayi ne kawai da ba ya maye gurbin madara ga yaro.

Na shida, kada manyan haruffan gaban leda su ɗauke maka hankali. Man gyaɗa ko na waken suya da aka rubuta wa cewa babu kolestarol bai fi sauran man tsirrai da komai ba ta wannan fuska, domin kolestarol daga dabbobi yake fitowa. Ruwan 'ya'yan itace da aka ce ba a ƙara masa sukari ba yana iya ɗauke da sukari mai yawa na asali. Amma akwai alamun da suke da amfani na gaske, kamar tambarin ido da ke nuna an ƙara bitamin A a man girki da fulawa da sukari, da rubutun da ke nuna gishiri yana da sinadarin aidin mai kare maƙoƙo.

Nauyin da ke kan kowa

Akwai gaskiyar da ba za a tsallake ba: kaso mai yawa na abin da muke ci ba shi da rubutu ko kaɗan. Ana farke babban buhu a ƙulla a ƙananan ledoji, ana juye mai daga jarka zuwa kwalba, ana dama zoɓo da kunun aya a gida a zuba a robobi. A nan babu jadawali sai tsoron Allah na mai sana'a. 'Yar'uwa mai zoɓo da aka tambaye ta ko ta sa sukari ko sinadarin zaƙi, ta faɗi gaskiya, domin wataƙila mai tambayar ransa ne yake karewa. Mai shagon da ya ƙulla kayan da wa'adinsa ya ƙare don kada a ga kwanan wata, ya sani cewa ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ne a ƙarƙashin tsibi.

Ga hukumomi kuwa, kiranmu shi ne a duba halin mai saye na gaskiya: dattijon da bai yi boko ba, da uwar da ba ta jin Turanci, da yaron da aka aika shago. Jadawali mai ƙananan haruffa ba ya yi musu magana. Alama bayyananniya a gaban leda, wadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane, ita ce za ta kai amfanin doka inda ake buƙatarsa, tare da ware sukarin da aka ƙara, musamman a abincin jarirai, da kuma sa ido a tabbatar abin da aka rubuta shi ne abin da ke ciki.

Kafin a kai ga haka, ɗalibai su ne idon gidajensu. Ɗana ɗalibi, 'yata ɗaliba, lissafin ninkawa da rabawa da kuka koya a aji ya isa ya kare lafiyar mahaifanku. Yau idan kun koma gida ku ɗauko abubuwa uku da aka fi saye a gidan, ku karanta wa Baba da Inna abin da aka rubuta, ku mayar musu da giram zuwa cokali, cikin ladabi da tausasawa. Wannan yana cikin kyautata wa iyaye, kuma riga-kafi ya fi magani.

Allah Ya ciyar da mu halal mai albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya gaskiya a kasuwanninmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.